Hulunan Fitilun Tasha

Shekarata goma sha ɗaya ina riƙe wa wasu tsani a sashen lantarki na hukumar jirgin ƙasa kafin a ce min, to ga aiki, kai ne shugaba. Aikin shi ne a cire tsofaffin fitilun dandamalin tsohuwar tasha, a kafa sababbi. In ya yi kyau, akwai wasu tashoshi huɗu da za a miƙa min. Injiniya, shugabar sashenmu, ita ce ta faɗa min haka da bakinta, ita kuwa ba ta yi wa mutum alkawari don kawai ya ji daɗi. Ranar na koma gida ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta.

Matata ta yi murna, amma sai da ta tuna min cewa tashar mahaifinta ce, in taka a hankali. Baba, surukina, shekararsa talatin da huɗu yana sallamar jirgi a wannan dandamali, saura wata takwas ya yi ritaya. Aikinsa a baki ba wuya. Jirgi ya tsaya, wasu su sauka, wasu su hau, shi kuma ya tsaya a tsakiyar dandamali ya duba gaba ya duba baya. In ya tabbata ba mai ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a tarago, sai ya ba direba alama. Da rana koriyar tuta yake ɗagawa, in duhu ya yi kuma 'yar fitilar hannu mai koren gilashi. Direba zai leƙo ta tagar inji ya waiwaya, in ya ga kore ya ja. Duk shekarun nan ba a taɓa ba Baba takardar gargaɗi ba. Ba mutum ba ne mai yabon kansa, amma wannan ɗaya kam, ko jikokinsa sun haddace shi.

Dandamalin dogo ne, ya lanƙwasa kamar lauje saboda kwanar da layin ya yi a nan. Turaku goma sha huɗu ne a jere, kowanne da fitila a kansa mai ƙwai ruwan ɗorawa, mai hasken da bai fi na aci-balbal ba. Biyar sun mutu, biyu suna ƙyafta ido. Fasinjoji da hasken wayoyinsu suke neman kayansu, kuma ba a yin mako wani bai zurma ƙafa tsakanin dandamali da matakalar tarago ba. Wanda duk ya ce min ba a buƙatar sababbin fitilu a wurin nan, ko yau zan yi musu da shi.

A jikin kowace fitila an ɗaura guntun kwanon rufi da waya, an shafa masa baƙin fenti ta ciki. Duk sun yi tsatsa, kuma babu biyu da suka yi kama da juna. Ma'aikatan tasha suna kiran su huluna. Ni na ɗauka don ruwan sama aka sa su, kuma da na duba zanen da aka ba ni babu ko alamar hula a ciki. Abin da ba ya cikin zane, a lokacin, shara ne a wurina.

Ina kan tsani na datse wayar ta farko da filaya, hular ta faɗo ta yi ƙara a kan siminti. Baba yana wucewa da tutarsa a hammata. Ya tsaya, ya ɗauke ta, ya juya ta a hannu.

"Har da waɗannan za a cire?" in ji shi.

Na ce, "Har da su, Baba. Sababbin da murfinsu suka zo, ruwa ba ya shiga."

Ya ce to, ya jingine ta da bango ya wuce. Shekara tara da aurena da 'yarsa, maganarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa da tambayar yara ba. Ni ina jin nauyinsa, shi ma yana jin nawa, kuma duk abin da ɗayanmu ya faɗa ɗayan ba ya ja. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ni tsani na hau, kuma ban ma tambayi abin da ya hango ba.

Mun gama cikin mako uku. Sababbin fitilun farare ne fat, ko allura ta faɗi sai ka tsince ta. Injiniya ta zo da 'yar na'urar auna haske, ta bi turakun ɗaya bayan ɗaya tana ajiye ta a ƙasa tana rubutawa. Ko'ina ya kai abin da ake so, wani wurin ma ya wuce. Ta sa hannu, na sa hannu. Mai shayin tasha ta ce na ja mata aiki, yanzu dole ta riƙa wanke kofuna da gaske. Mai shara ya ce Allah ya isa tsakaninsa da ni, dattin shekara ashirin ya fito fili. Kowa yana ta yi min barka, kaina kuwa ya ƙara girma, har na fara gyara wa mutane yadda ake kiran sunan fitilun.

Jirgi ɗaya ne ke tsayawa a tashar bayan duhu, na bayan magariba. A daren farko da aka kunna sababbin fitilun ya ƙara minti huɗu a tsaye. Baba ya ɗaga fitilarsa, direba bai ja ba. Ya sake ɗagawa, shiru. Sai da ya taka har gindin inji ya yi masa magana. Direban wani dogon mutum ne da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, saboda haka kowa Gajere yake ce masa. Washegari ma haka aka yi, shugaban tasha ya rubuta jinkirin a littafi. Labarin ya zo kunnena, amma ya shiga ta nan ya fita ta can. Ina can ina nazarin zanen tasha ta gaba.

A rana ta biyar aka yi abin. Wata mata tana miƙa kan keken ɗinkinta cikin tarago, ƙafarta ɗaya a kan matakala, sai jirgi ya motsa. Ta faɗo kan dandamali, hannunta ya kurje tun daga gwiwa, keken ya fashe. Wani fasinja ya ja birkin gaggawa, jirgi ya tsaya. Allah ya taƙaita, don da tsakanin dandamali da jirgi ta faɗa, da wani zancen ake yi.

Gajere ya rantse ya ga kore. Aka tambayi Baba, kowa yana jiran ya ce bai ɗaga ba, a yi ta musu tsakaninsa da direba. Sai ya ce mai yiwuwa ya ɗaga bai sani ba, hannu ne, ga kuma tsufa. Nan take aka ɗauke shi daga dandamali aka zaunar da shi a bakin ƙofa yana duba tikiti, aka ce nan da kwana goma kwamiti zai zauna. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Wanda ya sallami jirgi da mutum a kan matakala, ba ritaya ake yi masa ba, kora ce, kuma ita ce za ta zama layi na ƙarshe a takardarsa.

Matata ta je ta gan shi ta dawo idonta jawur. Ta ce ya rage cin abinci, kuma ya daina bin hanyar da abokansa ke zama. Ta ce ubanta ko cokali bai taɓa ɗagawa bai sani ba, in bincika tunda ni ma a wurin nake. Na ce mata ba sashena ba ne, ni mai lantarki ne. Ta dube ni, ta kwashe kwanuka ta yi kicin. Kwana biyu gidan nan ba ka jin komai sai hayaniyar yara.

Ba bincike na yi ba, kada in yabi kaina da abin da ban yi ba. Aike na aka yi ɗakin ajiya in tantance tarkacen da muka sauke kafin mota ta zo ta kwashe. Hulunan suna jibge a lungu. Ina ɗaga ta farko sai na ga an karce lamba a bayanta da ƙusa. Ta biyu ma haka. Na jera su a ƙasa daga ɗaya zuwa sha huɗu. Ta farko faffaɗa ce, suna ta sirancewa har ta ƙarshe, wadda ba ta fi tafin hannu ba. Kuma duk gefe guda aka lanƙwasa su, gefen da inji yake tsayawa. Ruwan sama kuwa ba ya zaɓar gefe. Mai ɗakin ajiya ya ce shi dai a haka ya zo ya same su, kuma duk shekara Baba ne ke karɓar baƙin fenti a wurinsa ya sa a sake shafa musu.

Da magariba na jira jirgi, na roƙi Gajere ya bar ni in hau inji. Na tsaya inda yake tsayawa, na leƙa ta taga na waiwaya. Saboda lanƙwasar dandamali, fitilun nan sha huɗu da na jera da tazara daidai sun haɗe sun zama ɗaya, kuma cikin idona take. Ban ga mutum ba, ban ga tarago ba, fari kawai nake gani. Na kau da kai, sai wasu ɗige-ɗige, kore da shuɗi, suka riƙa yawo a gabana, ko na rufe ido suna nan. Gajere bai yi rantsuwar ƙarya ba, ya ga kore.

Na tambaye shi me ya hana shi magana. Ya shafa ƙeya, ya ce ya ɗauka idonsa ne ya fara lalacewa, ga gwajin ido ya kusa, kuma direban da ya faɗi gwajin ido ya sauka ke nan. Na tambaye shi yadda suke yi da mutumin da aka sa a madadin Baba. Ya ce ai mutumin ba ya ɗaga fitila daga tsakiya, sai ya bi taragu ɗaya bayan ɗaya har gindin inji ya ce masa ja. Wai Baba ne ya kira mutumin gefe tun ranar farko ya ce ya riƙa yin haka, kada ya kuskura ya dogara da fitila.

Na sauko daga inji. Ashe tsohon ya san komai tun daga hular farko.

Da safe na je gidansa. Na same shi a tsakar gida yana ɗaure ƙafar wata kujera. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya kamar kullum. Na ce masa na hau inji jiya. Ya ci gaba da ɗaurinsa, sai da ya ƙulle igiyar sannan ya ɗago.

"To ka gani. Ka bari kwamiti ya gama nasa. In ƙura ta lafa sai ka kawo shawara a yi wa fitilun kariya, a ce gyara ne. Ba wanda zai haɗa wannan da wancan."

"Baba, korar ka za su yi."

"Wata takwas suka rage min. Kai fiye da shekara ashirin ne a gabanka, da yara uku. In aka ce aikinka na farko ya kusa kashe mutum, tsani za ka riƙe har ka tsufa."

"Sunanka fa, Baba?"

"Ni na tara shi. Ni na san inda zan kashe shi."

Ya ce shi ma yana da nasa laifin. Ranar da na datse wayar ya kamata ya ce min dakata, amma ya ga ina kan tsani gaban ma'aikatana, bai so a ce suruki ya zo yana koya min aiki ba. Ya yi zaton wataƙila sababbin fitilu ba su da halin tsofaffi. Da ya ga suna da shi, an riga an sa hannu ana ta yabona. Ya ce magana ta ƙare, kuma kada 'yarsa ta ji. Na ce to, kamar yadda na saba ce masa.

Kwana uku ina juya maganar, kuma gaskiya na so in karɓa. Na gaya wa kaina cewa shi ya zaɓa, ba ni na sa shi ba. Na ce ai ba wanda zai sake faɗuwa tunda yanzu da baki ake sallamar jirgi. Na ce bin maganar babba ma ladabi ne. Duk hujjar da na kawo tana da ƙafa, amma in na bi ta ƙofar tasha na ga Baba zaune a kan benci yana karɓar tikiti daga hannun mutanen da jiya suke matsa masa hanya, sai in ji kunyar kaina ta rufe ni. Na riƙa zagayawa ta ƙofar baya, ta wajen ɗakin ajiya.

A rana ta uku na karya umarninsa na gaya wa matata. Na so ta yi faɗa, ko ta ce min yi kaza, in samu wanda zan jingina da shi. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ɗaya ubana, ɗaya mijina," in ji ta. "Kada ka sa ni zaɓe. Kai ka hau tsanin."

Ranar zaman kwamiti na tarar ta goge min rigar da nake sawa in zan je ofis, ta rataye ta a bayan ƙofa.

A ofishin shugaban tasha aka zauna, shi da Injiniya da wani mutum daga hedikwata mai tarin takardu. Baba yana kan kujera a gefe, Gajere yana tsaye don kujerun wurin ba su ɗaukarsa. Ba a gayyace ni ba. Na ƙwanƙwasa na shiga da buhu a kafaɗa, na nemi izini, na zazzage hulunan a ƙasa na jera su bisa lamba. Tsatsa ta ɓata musu dadduma, mutumin hedikwata ya janye takalminsa. Na faɗi abin da na gani daga inji, da abin da hulunan suke yi, da cewa ni na cire su da hannuna na rubuta su cikin tarkace. Ban tsallake komai ba. Ban dubi inda Baba yake ba.

Injiniya ta tambaye ni ko akwai wanda ya ja kunnena kafin in cire. Na ce an tambaye ni ko har da su za a cire, ni kuma ban tambayi dalilin tambayar ba. Ta juya ga Baba ta ce, ranar ya ɗaga fitila ko bai ɗaga ba? Baba ya ce bai ɗaga ba.

Da magariba Injiniya ta hau inji da kanta. Ta sauko tana murza ido, ta ce ita ƙasa ta auna, ba ta auna idon direba ba. A rahoton da ta rubuta sunanta ne a farko, nawa na biye. Na girmama ta a kan wannan. Sai dai hakan bai hana abin da Baba ya hango ba. Tashoshi huɗun nan wani aka ba, ni kuma aka mayar da ni ƙarƙashinsa da takardar gargaɗi a fayil ɗina. An ƙera wa fitilun kariya ta ƙarfe a ma'aikata, kuma hulunan Baba aka auna aka yanka su. Aka biya matar kekenta, Gajere ya ci gwajin idonsa, Baba ya koma dandamali da takardarsa fes.

Na ɗauka zai yi farin ciki. Mako uku in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice, ko yara ba ya tambaya. Abin ya dame ni fiye da rasa tashoshin. Wata rana da la'asar an turo ni duba akwatin wuta a ƙarshen dandamali, na same shi shi kaɗai yana jiran jirgi. Na durƙusa na ce in na saɓa masa ya yafe min.

Ya dubi layin dogo, ya ce:

"Ban tara dukiya ba, kai ma ka sani. Na ba ka 'yata, ka riƙe ta da kyau, ban taɓa samun abin da zan ƙara maka da shi ba. Wannan ne kaɗai ya zo hannuna. Na miƙa maka, ka dawo min da shi gaban mutane."

Ban taɓa tunanin abin ta wannan fuskar ba. Ni ina ganin na cece shi, shi kuma yana ganin na ƙi kyautarsa. Tausayinsa ya kama ni.

Na ce, "Baba, da na karɓa, da ba zan sake iya shigowa gidanka ba."

Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya sa bayan hannu ya goge ido, ya duba agogonsa, ya ce in tashi in matsa daga bakin dandamali, jirgi ya kusa. Na tashi na matsa.